Ɗiya Mai Gudun Umarni a Ƙofar Balaga: Me Ya Kamaci Iyaye?

A wannan fitowa, filinmu na iyali zai tsaya a kan wata damuwa da ke cikin gidaje da dama, amma ba kasafai ake fito da ita zaure ba, domin ta haɗa abubuwa biyu da muke jin nauyin ambatonsu: balagar ɗiya mace, da kuma ɗiyar da aka riga aka yanke wa hukuncin cewa ba ta jin magana.

Mu kwatanta wani gida, ko a Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Garwa. Hantsi ya yi, ga yarinya mai shekara 12 zaune a gindin bango tana jera murafun kwalba. Mahaifiyarta ta ce: "Tashi ki yi wanka." Ta ce to, bari ta gama. Da aka sake magana, sai ta ɗauko labarin akuyar maƙwabta da ta haihu jiya. A karo na uku ta ce ƙafafunta sun ƙi tashi. A na huɗu, da murya ta ɗaga, sai ta fasa ihu, ta yi jifa da buta, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Can da rana, da kowa ya fita harkarta, sai ga ta ta ɗauki bokiti da kanta ta nufi makewayi kamar babu abin da ya faru. Kaka ta ce an sangarta ta. Abokiyar zama ta ce iska ce. Uba ya ce bulala ce ta yi kaɗan. Uwa kuwa ta yi shiru, domin ita kaɗai ta ga jini a zanen yarinyar da safe, ta kuma san cewa daga yau abubuwan da za a riƙa cewa ta yi sun ninka.

Saboda irin wannan uwa muka rubuta wannan bayani. Abin da muke so mu isar shi ne: akwai ƴan matan da ƙin umarninsu daga tsoro yake fitowa, kuma duk gidan da ya gane haka kafin balaga ta iso, zai tsira da abubuwa uku masu tsada, wato amincewar ɗiya da mahaifiyarta, lafiyar jikinta, da kuma son ibada a zuciyarta.

Mene ne otisim, mene ne gudun umarni?

Otisim, wanda ake kira autisme da Faransanci, wasu gidajen rediyo kuma suke fassara shi da galahanga, wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma tun farkon rayuwa. Mai shi yakan sha wahalar karanta fuskokin mutane da gane abin da suke nufi bayan abin da suka furta. Yakan so al'amura su tafi a kan tsari guda. Sau da yawa kuma ƙara, ko wari, ko gugar tufafi a fata sukan dame shi fiye da yadda suke damun sauran jama'a. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Rahoton da ya yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Likita Leo Kanner ya bayyana shi a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11, uku daga cikinsu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kusan mutum 1 cikin 127 yana da shi. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, amma wani nazari na 2017 da ya tattara bincike-bincike masu yawa ya nuna lissafin ya fi kusa da uku ga ɗaya. Ke nan ana tsallake ƴan mata da dama, saboda sun iya kwaikwayon tsaransu su ɓoye wahalarsu. A wajenmu kuwa, yarinya mai shiru-shiru wadda ba ta haɗa ido da manya yabonta ake yi da kunya, babu mai tambayar me ke damunta.

A cikin masu otisim akwai wani kaso da wata masaniyar halayyar yara ta Jami'ar Nottingham a Ingila, Elizabeth Newson, ta fara jan hankali a kansu. A 2003 ita da abokan aikinta biyu suka wallafa bayanin yara 150, kimanin rabinsu mata, waɗanda babbar alamarsu ita ce guje wa buƙatun yau da kullum ta kowace hanya. Turawan Ingila suna taƙaita sunan da haruffa uku, PDA. Faransawa suna cewa évitement pathologique des demandes. Mu kuwa za mu kira shi gudun umarni. Ta lura cewa irin waɗannan yara suna da baki da fara'a a zahiri, suna da dabarun zamewa, yanayinsu yana sauyawa cikin ƙiftawar ido, kuma suna jin daɗin wasan kwaikwayo, su zama malama, ko likita, ko uwa.

Wajibi ne mu faɗa wa masu karatu cewa masana ba su haɗu a kan wannan suna ba. Babu shi a matsayin ciwo mai zaman kansa a littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013, babu shi kuma a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. A 2018 Farfesa Jonathan Green da abokan aikinsa sun rubuta cewa tarin halaye ne da fargaba da wasu dalilai kan haifar, ba wata cuta dabam ba. Yawancin dabarun da za mu kawo a nan ma daga ƙwarewar iyaye da malaman makaranta da likitoci aka samo su, gwaje-gwajen ilimi a kansu ba su da yawa. Sai dai saɓanin a kan suna ne. Halin kansa kowa ya yarda akwai shi, kuma iyayen da ke zaune da shi ba su buƙatar a tabbatar musu.

Abin da ke gudana a zuciyarta

Yaro mai taurin kai yana ƙin abin da ba ya so, ya yi abin da yake so. Ɗiya mai gudun umarni kuwa tana iya ƙin abin da take matuƙar so, don kawai an ce ta yi. Ta kwana tana murnar zuwa gidan biki, da safe aka ce "sa takalminki mu tafi", sai ta kasa. Yunwa tana cin ta, aka ce "zo ki ci", sai ta juya baya. Hatta fitsari yakan matse ta ta ƙi tashi, domin jikinta ma ya zamar mata mai ba da umarni. Wani lokaci yabo ma yakan ɓata al'amari: an ce "madalla, yau kin yi shara", sai ta ji an ɗora mata sharar gobe.

Manyan da suka taso da wannan hali suna bayyana shi da cewa, idan aka ce musu "yi", sukan ji kamar an ƙwace linzamin rayuwarsu, ƙirji ya ɗauki bugu, jiki ya daskare. Mutumin da ya ji tsoro kuwa ɗayan uku yake yi: ya gudu, ya yi faɗa, ko ya sandare. Shi ya sa abin yake hawa mataki-mataki kamar yadda muka gani a misalinmu: jinkiri, kawar da zance, uzuri, sannan fashewa. Fashewar nan firgici ne da ya kai maƙura, kuma a wannan lokaci kunnenta ba ya ɗaukar wa'azi. Da yawansu sukan daure a makaranta, malama ta yi ta yabon natsuwarsu, sai sun dawo gida su sauke duk abin da suka ƙunsa a kan uwa, domin ita ce wadda suka fi amincewa da ita. Kada wannan ya sa a ce uwa ce ta kasa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma mai saƙar kwando ya san akwai iccen da sai an jiƙa shi, in an tanƙwara shi da ƙarfi karyewa yake yi. Duka yana ƙara tsoron da shi ne asalin matsalar. Yana iya sa ta yi biyayya yau, gobe kuma ta ɓoye muku abin da ya kamata ku fara sani.

Me ya sa balaga ta fi tsanani?

A yawancin ƴan mata ƙirji yakan fara fitowa tsakanin shekara 8 zuwa 13, al'ada kuma ta biyo baya da kimanin shekara biyu zuwa uku. Ga ɗiyar da ke samun natsuwa daga abin da ta saba da shi, wannan sauyi ne da ba a yi shawara da ita ba, kuma ba ta da ikon tsayar da shi. A shekarun farko al'adar ma ba ta da tsayayyar rana, wata ta zo, wata ta tsallake.

Sannan umarni ya taso mata daga ɓangare uku a lokaci guda. Jiki yana cewa: sauya ƙunzugu, yi wanka, wanke hamata, sa rigar mama. Addini yana cewa: yanzu salla da azumi sun hau kanki, ga wankan tsarki, ga sutura. Jama'a suna cewa: ke yanzu budurwa ce, daina wasa da maza, gyara zama, rage murya, shiga madafa. A kan wannan kuma ga wahalar fata da hanci: ɗanshin auduga, ƙarnin jini, igiyar rigar mama, hijabin leda a zafin watan Afrilu, jan gashi wurin kitso. Wasu masu otisim kuma ba su iya gane saƙon cikin jikinsu da wuri, sai mara ta yi ta ciwo yarinya ba ta san ciwo ba ne, abin da za a gani kawai shi ne faɗa da kuka.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Da zarar ƙirji ya fara fitowa, lokacin shiri ya yi. Kada a zaunar da ita a yi mata doguwar nasiha, domin zaman kansa umarni ne. A riƙa sakin bayani kaɗan-kaɗan, ana tsinkar zogale ko ana wanki, kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba. A faɗi magana a fili: jini zai fito daga gabanki, yakan yi kwana 2 zuwa 7, ba rauni ba ne, ba mutuwa ba ce, haka kowace mace take yi. Masu otisim sukan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, saboda haka zaurance irin na "baƙo zai zo miki" ruɗa ta zai yi. Haka ma gargaɗin nan da muka gada, cewa in namiji ya taɓa ki za ki yi ciki, yana iya sa ta firgita idan hannun ƙaninta ya gogi nata.

Mun san alkunya takan hana uwa irin wannan zance, musamman da ɗiyar fari. Idan haka ne, a zaɓi mace ɗaya da yarinyar ta yarda da ita, yaya, ko gwaggo, ko inna, ta zama ita ce mai wannan amana. Mutum ɗaya ya isa. Idan matan gida biyar suna sa baki, umarni ya zama biyar.

A kawo mata kayan tun jini bai zo ba: audugar mata iri biyu ko uku, da ƙyallen auduga mai laushi irin wanda ake wankewa. A ajiye inda za ta gani, a bar ta ta taɓa, ta buɗe, ta zuba wa ɗaya ruwa ta ga yadda yake shanyewa, ta gwada sawa na ɗan lokaci ranar da ta ga dama. Ita za ta zaɓi wanda fatarta ta karɓa. A ba ta jaka ko kwalla tata ta kanta, da ɗan kamfai masu duhun launi. Idan tana son wasan malama, a bar ta ta koyar da ƴartsana, ko ta yi wa yayarta bayani. Abin da ba za ta karɓa a matsayin ɗaliba ba, sau da yawa takan riƙe shi a matsayin mai koyarwa.

Sauya harshe

Babban abin da iyaye suka tarar yana aiki shi ne mayar da umarni ya zama labari. Maimakon "tashi ki yi wanka", a ce "ruwan ɗumi na nan a bokiti, na bar sabulu a kan dutse", sannan a wuce, kada a tsaya a kanta ana jira. Maimakon "je ki sauya auduga", a ce "azahar ta yi, akwai sabuwa a jakarki". A ba ta zaɓi na gaskiya tsakanin abu biyu: "kafin la'asar ya fi miki, ko bayanta?" A nemi taimakonta: "ɗiyata, na rasa yadda zan shanya waɗannan ba tare da kowa ya gani ba, ko kina da dabara?" A bar agogo, ko kiran salla, ko takardar da ita da kanta ta zana ta manna a bango, su yi tunin, domin umarnin da ba daga bakin mutum ya fito ba ya fi sauƙin haɗiyewa. Ana son a sauya auduga duk bayan awa 4 zuwa 6, kuma lokutan salla suna iya taimakawa wajen tuni, ga shi kowa a gida ya san su.

Bayan an yi magana, a yi shiru. Ƙwaƙwalwarta tana buƙatar lokaci, maimaitawa kuwa sabon umarni ne a kan na farko. Idan ta yi, kada a yi shela. Murmushi ya wadatar. Sai dai mu kiyaye: wannan ba wayo ba ne. Irin waɗannan yara suna da saurin gane tarko, kuma idan zaɓin da aka ba su na ƙarya ne, sun daina yarda ke nan. Wanda ya ce "kafin la'asar ko bayanta", to ya shirya karɓar "bayanta".

Kwando uku

Wani masanin halayyar yara na Amurka, Ross Greene, ya ba da shawara a 1998 cewa iyaye su kasa buƙatunsu kwando uku. Na farko shi ne abin da ba a sassautawa, kuma ya zama kaɗan ƙwarai: abin da ya shafi rai da mutunci, kamar shan maganin farfaɗiya, ko hana fita ita kaɗai da dare. Na biyu abin da ake zama a sasanta, lokacin da hankali yake kwance: sau nawa za a yi wanka, wane irin mayafi, wane aikin gida ne nata. Na uku abin da aka jingine a yanzu: ƙananan kitso, lalle, kwalli, zuwa kowane biki da suna, fitowa gaida kowace baƙuwa. Gashin da aka kama kalaba biyu ya wadatar idan yana da tsabta.

Ƙarfin ɗaukarta kuma ba ɗaya ba ne kullum. Ranar da ta yi barci sosai tana iya ɗaukar buƙata goma, ranar da mara ke ciwo biyu ma sun yi yawa. Yana da kyau uwa ta riƙa sa alama a kalanda har wata uku: ranar jini, ranar rikici, ranar rashin barci. Sau da yawa za a ga rikicin yana taruwa ne a kwanakin da ke gab da al'ada. Idan an gane haka, sai a rage mata kaya a wannan mako tun kafin guguwa ta taso. Idan kuma ta taso, a janye ƙanne, a rage magana, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a bar ta ta huce. Zancen abin da ya faru sai gobe.

Salla, azumi da sutura

A nan ne zuciyar iyaye Musulmi ta fi tashi, kuma da gaskiyarsu. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa haila a cikin alamomin balagar mace, sun kuma sanya balaga da hankali su ne sharaɗin hawan hukunci. Da yawa daga cikin masu otisim hankalinsu cikakke ne, wasu ma suna da kaifin hadda. Wasu kuwa suna da raunin fahimta tare da shi. Saboda haka babu hukunci ɗaya da zai game su duka. A je wurin malami masani mai tausayi, a kai masa bayanin likita, ya duba halin wannan yarinya ita kaɗai. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa wajibi yana tafiya ne gwargwadon iko.

Mun san wasu za su tuna mana zancen horo a kan salla. Malaman da suka yi bayaninsa sun gindaya sharaɗi: ya zama marar cutarwa, kuma wanda ake zaton zai amfanar, idan an san ba zai amfanar ba, barinsa ake yi. Ga ɗiyar da muke magana a kanta, tsawa a kan salla tana haɗa salla da firgici a zuciyarta, kuma wannan asara ce da ta fi jinkirin shekara ɗaya ko biyu. Uwa ta shimfiɗa darduma biyu, ta ce "zan yi alwala", ta ta da sallarta. Yau ɗiya ta kalla, wata rana ta shigo a raka'a ta biyu. A bar ta ta zaɓi dardumarta da kusurwarta. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma sauƙin da ya kamata ta sani: mai haila ba ta salla, ba ta kuma rama ta, azumi ne kaɗai ake ramawa. Wankan tsarki da ruwan ɗumi ya halatta, kuma za a iya zana mata matakansa a takarda ta bi da kanta, ba tare da mai tsaye a bakin makewayi ba. Game da sutura, a tafi kasuwa da ita, ta shafa yadi da hannunta ta zaɓa. Auduga mai sauƙi wadda ba ta shaƙe haɓa ta fi leda mai sheƙi da za a yi ta yaƙi a kanta kowace safiya. A sanar da malamar islamiyya halin da ake ciki, domin kada a kira ta gaban aji ba shiri, kada kuma a tambaye ta a gaban yara dalilin da ya hana ta ɗaukar allo.

"A'a" ɗinta garkuwa ce

Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna ƴan mata masu otisim sun fi tsaransu fuskantar cin zarafi, domin ba su saurin gane mugun nufi a bayan fara'a da kyauta. A nan akwai abin lura. Ɗiyar da aka koya wa da bulala cewa ba a ce wa babba a'a, ita ce wadda ba za ta iya ce wa mugu a'a ba, kuma ba za ta dawo ta faɗa ba. Saboda haka kada mu kashe wannan kalma a bakinta. Mu nuna mata inda ya wajaba ta yi amfani da ita. A koya mata sunayen sassan jikinta a fili, da iyakar al'aura, da cewa babu mai gani ko taɓawa, ko ɗan'uwa ne ko malami, sai ma'aikaciyar lafiya tare da uwa a wurin. A faɗa mata cewa duk wanda ya ce "kada ki gaya wa Inna", to wannan ne abin da za a fara gaya wa Inna, kuma ba za a doke ta ba. A nisanta ta da talla da aiken dare, a kuma san waɗanda take magana da su a waya.

Wasu dangi za su ce a aurar da ita, za ta natsu. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, don haka shawarar ba za ta zama baƙuwa a kunnen kowa ba. Amma mu yi tunani: ɗakin aure cike yake da buƙatu, na miji, na uwar miji, na girki, na baƙi, ga shi babu uwar da ta san harshenta. Ciki a ƙuruciya kuma yana da haɗarinsa, har da doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Aure ba ya warkar da otisim. Akwai mata masu shi da suka yi aure suka riƙe gidajensu, amma bayan sun girma, sun san kansu, sun kuma sami mijin da aka gaya wa gaskiya.

Yaushe za a nufi gidan likita?

Kada wannan rubutu ya sa kowa ya laƙaba wa ɗiyarsa suna. Ƙin umarni yana iya fitowa daga raunin ji, ko ƙarancin jini, ko baƙin ciki mai tsanani, ko wani abu da aka yi mata ta kasa faɗa. Otisim tun ƙuruciya ake ganin alamunsa. Ɗiyar da take lafiya lau sannan ta sauya farat ɗaya, a binciki dalili da gaggawa. Likitan yara ko na ƙwaƙwalwa ne ke tantancewa, ungozoma kuma tana taimakawa a kan al'ada.

A je idan jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon mara yana hana ta makaranta, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba. Littattafan fiƙihu sun ba mai farawa har kwana 15 a hukuncin ibada, amma wannan lissafin salla ne, bai hana zuwa likita tun kafin nan ba. A je idan tafin hannu da cikin ido sun yi fari, tana yawan gajiya. Hanta, nama, wake da ganye suna taimakon jini. A je idan tana sandarewa tana kallon wuri guda, ko tana faɗuwa, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otisim, kuma shekarun balaga na cikin lokutan da takan fara bayyana. Wadda take shan maganin farfaɗiya mai suna Dépakine, a tattauna da likita da zarar ta balaga, domin yana cutar da ɗan tayi idan ciki ya shiga. Amma kada a dakatar da shi ba da izininsa ba. Idan kuwa tana yi wa kanta rauni, ko ta daina cin abinci, ko ta ambaci son mutuwa, to a tafi a ranar.

Addu'a makamin mumini ce, ba mu hana kowa ba. Abin da muke roƙo shi ne a nisanci duk mai maganin da zai ɗaure yarinya, ko ya doke ta, ko ya turnuƙe ta da hayaƙi, ko ya nemi keɓewa da ita. Babu kuma wani ƙulli ko kwalba da ke cire otisim, kowa ya ce yana da shi kuɗinku yake so.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Duk wannan ba zai yiwu ba idan uwa tana sassautawa, uba yana tsanantawa. Ya ku iyaye maza, ku ne za ku tare wa matanku bakin dangi. Idan maigida ya ce a gaban kowa "haka muka tsara a kan yarinyar nan", kaka da gwaggo za su saurara. A yi wa sauran yara bayani cewa adalci shi ne a ba kowa abin da yake buƙata, kamar yadda ba a ce wa mai tabarau ya cire don sauran ba su da shi. Maƙwabta kuma, maimakon "ai ke kika ɓata ta", ku karɓi ƙannenta na yini ɗaya uwar ta samu ta runtsa.

Muna kira ga rassan ƙungiyarmu na mata da su sa wannan batu a zaman ta'alim, musamman a kusa da 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2007 domin wayar da kai a kan otisim, su gayyato ungozoma da malami su zauna tabarma ɗaya. Uwar da ta ji wata uwa tana ba da labarin buta da bokiti irin nata, za ta koma gida da sauƙi a ƙirjinta. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyaye haƙuri da basira, ya sa ƴaƴanmu su zama sanyin idanunmu.